Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobin Ƙungiyarmu Masu Ba da Hayar Mota a Amurka

Assalamu alaikum iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, da sauran 'yan uwa.

Shekarar ta fara mana da girgiza. A watan Fabrairu kamfanin Getaround, manhajar da masu mota ke ba da hayar motocinsu ta cikinta, ya rufe harkokinsa a Amurka, mambobin da motocinsu ke kanta suka dawo takwararta Turo. Kwamiti ya taimaka wajen sauyin, kuma alhamdulillahi an wuce wannan lafiya.

Inda ƙarfinmu ya tafi a bana shi ne haraji. A zaman bitar da muka riƙa yi, mun tarar da yawa cikinmu suna biyan hukumar haraji ta IRS fiye da abin da ya hau kansu, don kawai ba su ajiye rasit. Wani ɗan uwa ya zo da jakar leda cike da takardun gareji, rabinsu rubutun ya goge saboda zafin cikin mota. Wannan kuɗi ne ya zube. Doka ta yarda a cire kamashon da Turo ke ɗauka, da inshora, da juyen baƙin mai, da taya, da wankin mota, da faɗuwar darajar motar, kafin a lissafa ribar da za a shigar a takardar Schedule C, wadda mai sana'ar kansa ke bayyana ribarsa a ciki. Amma sharaɗin guda ne: gwargwadon aikin haya da motar ta yi. Idan kana kai yara makaranta da ita, ko zuwa masallaci ranar Juma'a, wannan kason naka ne, ba na sana'a ba. Shi ya sa muka nace kowa ya riƙe littafin da yake rubuta ranakun haya da lambar mil. A ganinmu wannan littafi ya fi kowane aikin da muka yi a bana amfani.

A maimakon lissafa kuɗin da motar ta ci ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma tsarin cire senti 70 kan kowane mil na 2025, sai dai mai motoci biyar ko fiye da ke aiki lokaci guda bai da hurumin amfani da shi.

Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli ta kawo ruɗani. Ta mayar da iyakar takardar 1099-K, wadda kamfani irin Turo ke aika wa IRS da mai mota kan kuɗin da ya samu, zuwa dala 20,000 da ciniki 200, sai wasu suka ɗauka wanda bai kai nan ba ya tsira. Ba haka ba ne. Ko takarda ba ta zo ba, wajibi ne a bayyana kuɗin da aka samu. Dokar ta kuma dawo da damar cire darajar mota kashi 100 a shekarar farko ga abin da aka saya bayan 19 ga Janairun 2025, muddin aikin sana'a ya haura rabi, kuma akwai iyaka ga ƙananan motoci. Muna roƙo kada kowa ya ci bashin mota don wannan kawai, domin ranar da ka sayar da ita, IRS za ta waiwayi ragin da ka ci.

Cibiyoyin VITA masu cike takardun haraji kyauta ba sa taɓa lissafin faɗuwar daraja, don haka a baɗi kwamiti zai nemi akanta guda da za mu haɗa kuɗi mu biya. Kason ƙarshe na harajin ƙiyasi na 2025, wato wanda ake biya kashi-kashi tun kafin lissafin shekara, ranar 15 ga Janairun 2026 ne. Mai tambaya ya samu sakatare kafin ranar.

Wassalam,
Kwamitin Gudanarwa