Amsa ga ƙanwata da ta tambaya ko dokar masu buƙata ta musamman takarda ce kawai

Assalamu alaikum ƙanwata. A bainar jama'a kika tambaye ni a Facebook, don haka a nan zan amsa miki, wataƙila wasu ma su amfana. Kika ce kin gama digiri kin yi bautar ƙasa, sau uku ana kiran ki intabiyu, da zarar sun gan ki da sanduna sai a ce "za mu neme ki", shiru har yau. Shin dokar nan da nake ta magana a kanta tana da wani amfani, ko ki haƙura ki kama ɗinki kawai?

Wallahi tambayar ta taɓa ni, don ni ma na sha wannan. Shan inna ta kama ni ina ɗan shekara uku. Ranar intabiyuna na farko ofishin yana bene hawa na biyu, ba lif ba gangara, na bar kekena a ƙasa na zura silifa a hannu na rarrafa matakala ɗaya bayan ɗaya, kafin in kai sama farar shaddata ta yi futu-futu. Ko takarduna ba su buɗe ba, ɗaya daga cikinsu ya zaro kuɗi a aljihu ya miƙo min wai in sha ruwa a hanya. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi, ni da na zo neman aiki aka ba ni sadaka.

Lokacin babu doka, yanzu akwai. Majalisar tarayya ta zartar da ita a 2018, Buhari ya sa hannu a Janairun 2019. Ta haramta a nuna wa mutum wariya saboda nakasa, kamfani in ya yi tarar naira miliyan 1, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko wata 6 a gidan yari ko duka biyun. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki gare mu. Ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su gyara yadda za mu iya shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024, ki leƙa sakatariya mafi kusa da ke ki ga ko an yi.

Ba zan ɓoye miki ba, dokar tana da rauni. A wajen kashi 5 ɗin nan an saka "gwargwadon iko", kuma ta wannan ƙofar da yawa suke sulalewa. Tarar ma yanzu da darajar naira ta faɗi me miliyan ɗaya za ta yi wa babban kamfani? Amma babbar matsalar a ganina mu ne ba ma rubutawa, an wulaƙanta mutum sai ya ce Allah ya isa ya koma gida, shi kuma wanda ya yi gobe ma zai sake tunda ba abin da ya same shi.

To ki rubuta. Ranar, wurin, wa ya ce me, ki ajiye saƙon da suka gayyace ki da shi. Ki nemi takardar shaidar nakasa daga hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa da aka kafa a 2020, ki kai musu ƙorafi a rubuce, ki kai kwafi hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, ki tabbatar an buga miki hatimin karɓa. Ki je reshen JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, na jiharku, don murya ɗaya ba a cika jin ta ba. Ki kuma bincika ko jiharku ta yi tata dokar. In ta kama a je kotun ma'aikata, akwai hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali.

Ɗinki sana'a ce mai albarka, in kina so ki yi, amma don Allah kar ki yi shi don wasu sun ce ƙafarki ta hana ki zama a tebur. Ki turo min hoton takardun gayyatar nan uku ta saƙon sirri, in sha Allah cikin makon nan mu rubuta ƙorafin tare.

Yayanki.