Ga amsar tambayarka game da "bahon wankin" nan

Corpus Christi, Teksas, Amurka

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da uwargida da yara. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai zafi da godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, kuma na saurare shi sau uku saboda dariyar da ka yi ta yi a ciki. Wato hoton da na turo maka ina zaune a kan jirgina, abin da ka gani kawai bahon wanki, ko? Ba komai. Ɗan Sarkawa yana da ikon raina Bakatsinen da ya girma bai san ruwan da ya wuce kududdufi ba. Amma a ƙarshen dariyar ka yi tambaya ta gaske, ka ce wai har ina muke kaiwa cikin teku da wannan abu in mun fita kamun kifi. Na ɗauki waya zan amsa maka a take, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Sunan abin kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne na can ƙasashen ƙanƙara, waɗanda suke ɗinka fatar dabbar ruwa a kan ƙashi ko itace su fita farauta. Namu na yanzu roba ce. Nawa tsawonsa wajen mita 4, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, kuma ba a cikinsa ake zama ba, a kansa ne. Cikinsa a rufe yake, sannan akwai ramuka a wurin zama da ruwa ke bi ya tsiyaye, don haka ko igiyar ruwa ta rufe ka ba ka da aikin kwarfa kamar a kwalekwalen Baba. Filafilin baki biyu gare shi, dama da hagu. Akwai kuma masu na ƙafa, ana taka su kamar keke. Kamfanin Hobie ne ya fito da irin wannan a 1997, kuma masu shi suna kallonmu masu filafili kamar yadda mai babur ke kallon mai jaki.

To, batun nisa. Lissafi biyu ne, kuma mutane suna cakuɗa su, musamman idan ana cika baki a bakin ruwa. Akwai tazarar da ke tsakaninka da tudu, akwai kuma jimlar abin da ka tuƙa daga fita zuwa dawowa. A cikin waɗanda nake fita da su, yawancin ranaku ba ma wuce mil 1 zuwa 3 daga gaɓa, wato kilomita ɗaya da rabi zuwa biyar. Amma in ka duba na'urar da ke ƙirga tafiya bayan an dawo, sai ka ga mil 7, ko 8, wani lokaci 10, domin ba tsayawa ake yi wuri ɗaya ba. Ana sakin koto a baya ana ja a hankali, ana kewayawa, ana bin inda tsuntsaye ke faɗawa ruwa. Saboda haka idan wani ya ce maka ya yi mil 12 a teku jiya, kada ka ɗauka ya kusa Meziko. Mai yiwuwa duk yinin yana hango motarsa. Akwai dai 'yan ƙalilan da ke kaiwa mil 5 ko 6 daga tudu, kuma waɗannan ko dai sun ƙware sosai ko kuma ba su taɓa shan wuya ba tukuna.

Gudun jirgin shi ke yanke hukunci. Mutum mai matsakaicin ƙarfi, da kaya a jirgi, ruwa a kwance, yana yin kamar mil 3 a awa. Ka ga wurin da yake mil 3 ya cinye maka awa biyu ke nan zuwa da dawowa, tun ba ka jefa ƙugiya ba.

Abin da ke sa nisan ya bambanta daga gari zuwa gari shi ne ƙasan tekun. A nan gaɓar Teksas ƙasa tana gangarawa ne a hankali ƙwarai, yashi da laka shimfiɗe kamar faƙo. Ka yi ta tuƙi awa guda, zurfin bai fi mita 15 ba, kuma babu dutse babu komai da zai tara kifi. Abin da ke tara shi a nan dandamalan haƙar mai da iskar gas ne da aka kakkafa cikin ruwa daura da tsibirin Mustang da na Padre. Ƙafafun ƙarfensu sun cika da ƙananan halittu masu manne wa ƙarfe, ƙananan kifaye suna zuwa ci, manya suna biyo ƙananan. Kai da ka san yadda karfasa ke taruwa a gindin kututturen da ruwa ya shanye, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Don haka mu nisanmu dandamali ne ke yanka mana shi. Tsofaffin hannu suna ta ƙorafi cewa an tuttumɓuke da yawa daga na kusa bayan rijiyoyin sun daina aiki, tafiya ta ƙaru ke nan.

A kudu maso gabashin Fulorida, wajen Pompano Beach, labarin daban ne. Can ƙasa tana zurmawa da wuri, ga babban ruwan nan mai gudu da ake kira Gulf Stream yana wucewa kusa da gaɓa, sai mutum ya yi mil 2 ko 3 ya samu kansa a kan zurfin da mu nan sai jirgi mai inji yake kai wa. Amma ruwan yana jan su arewa, har wasu sukan shiga a wani wuri su fito a wani. A La Jolla kuwa, ta Kalifoniya, bakin ruwan da ake shiga yana cikin yankin da aka hana kamun kifi, dole ka tuƙa ka wuce iyakar kafin ka saki koto.

Wani abin da ba a gaya mini ba sai da na gani da idona: kana zaune a kayak idonka bai kai mita ɗaya daga saman ruwa ba, don haka iyakar ganinka a kan ruwa ba ta fi kilomita 3 da 'yan kai ba. Da ka wuce haka, yashin bakin teku ya ɓace. Sai tuddan yashi da dogayen gine-gine suke leƙowa, motarka kuwa babu ita. Ranar farko da na waiwaya na ga haka, wallahi sai da cikina ya ɗuri ruwa, alhali tafiyar ba ta fi daga kasuwar Yawuri zuwa bayan gari ba.

Yanzu bari in ba ka labarin da ya sa na daina tambayar mutane mil nawa suka yi.

A nan lokacin zafi iska daga kudu maso gabas take busowa, wato daga teku zuwa tudu. Da asuba tana kwance, rana na ɗagawa tana ƙaruwa, kuma wannan gari ya yi suna wajen iska. Shi ya sa muke sallar asuba a kan yashi a gefen mota, gari na wayewa mu shiga, kafin azahar mun fito. Wannan iska tana tayar da igiyar ruwa a gaɓa, amma aƙalla gida take tura ka. Idan kaka ta shigo kuwa, sai iskar arewa ta fara zuwa lokaci zuwa lokaci, busasshiya mai sanyi, tana tuna mini da hunturu. Ita daga tudu take busawa zuwa teku. Sai ta kwantar da bakin ruwa ya yi lumui kamar an shafa masa mai, ka tsaya ka ce yau ranar fita ce.

Irin wannan safiya na samu a watan Oktoba. Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin matatar mai, wanda shi ya koya mini harkar, ya dubi tutar da ke kan motar wani ya ce shi yau ba zai wuce inda yake jin hayaniyar mutanen gaɓa ba. Na ce a raina tsufa ne. Na kama hanya ni kaɗai zuwa wani dandamali mai nisan kamar mil 3. Tafiyar da na saba yi a awa guda, minti arba'in da 'yan kai na isa, ina ta yabon damtsena. Ban tsaya na tambayi kaina wa ke tura ni ba.

Ban daɗe da isa ba zare ya ɗauki ƙara. Ina fatan kingfish ne, wani dogon kifi mai haƙora kamar reza, wanda sai an sa waya a bakin ƙugiya don kada ya datse zare. Ashe wanda suke kira jack crevalle ne, gajere mai faɗin goshi, ƙarfi kamar ɗan maraƙi. A kayak ba kai kake jan babban kifi ba, shi yake jan ka, kuma wannan bai zaɓi ko'ina ba sai tsakiyar teku. Fiye da rabin awa muna fama. Ko da na ɗora shi a jirgi na ɗaga kai, dandamalin yana bayana, ya ƙanƙance.

Nan na juya, nan na gane karatuna. Iskar da ba ta da wani tasiri a gindin tuddan yashi, a nan ta samu fili ta tara raƙuman ruwa gajeru masu marin goshin jirgi. Ina tuƙi da iyakar ƙarfina, na'ura tana nuna mil ɗaya da ɗan abu a awa. In na ajiye filafili don in kurɓi ruwa, sai in ga lambar nisa tana ƙaruwa. Wato babu hutu ke nan. Ruwan sha lita uku na ɗauko, ya ƙare a awa ta biyu. Damtse ya fara ɗaurewa, tafin hannu ya yi bororo. Ina da rediyon hannu a aljihun rigar kariya mai hana nutsewa, kuma na san tasha ta 16 ita ce ta neman agaji, masu gadin gaɓa suna saurare dare da rana. Sau biyu ina kai hannu, kunya tana hana ni. Yau da nake rubuta maka, na san wannan kunyar wauta ce. Ba abin da ban karanta ba a ranar, har addu'o'in da rabona da su tun makarantar allo.

Awa uku da rabi na yi kafin ƙafata ta taɓa yashi. Mil 4 kacal, mutumina. Jimlar tafiyar ranar ba ta kai ta wasu ranakun da na dawo ina waƙa ba.

Dattijon yana zaune a inuwar motarsa, ya riga ya gyara kifinsa ya zuba a kula. Bai ce mini ci kanka ba sai da na sha ruwa na dawo hayyacina. Sannan ya ce shi ƙa'idarsa ta masu jiragen inji ce da man fetur: kashi ɗaya cikin uku na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya a ajiye. Kuma in dai da hali, ya fi son ya fara da fuskantar iska tun yana da ƙarfi, ta rako shi gida in ya gaji. Daga baya ya gaya mini ya ba ni rabin awa ne a ransa, in bai hango ni ba zai kira agaji da kansa.

Kifin kuma? Mutanen nan ba sa cinsa, wai namansa baƙi ne mai jini, sakinsa suke yi. Ni da na kusa ba da raina a kansa? Uwargida ta yi farfesunsa da citta da masoro da attaruhu, muka cinye tas.

Kada in sa ka ɗauka ranakun iskar kudu lafiya lau ne. Su wahalarsu tana mita ɗarin ƙarshe. Gaɓar nan tana da jerin tuddan yashi a ƙarƙashin ruwa, galibi uku, kuma a kan kowanne igiyar ruwa take karyewa. Ka yi mil 9 ba abin da ya same ka, ka zo inda ruwa bai wuce ƙugu ba, igiya ta ɗaga bayan jirgi ta juya shi ta kifar da kai a gaban yara masu wasan yashi. Sandar fatsa biyu na yi asara a haka kafin na koyi ɗaure komai da kwantar da sanduna kafin in shigo.

Ka kuma tambaya ko hukuma tana hana mu nisa. Abin da doka ta fi damuwa da shi lasisin kamun kifi ne, da rigar kariya, da usur, da fitila in duhu ya yi. Akwai dai wata iyaka da masunta ke lura da ita: ruwan jihar Teksas ya kai mil 9 na teku, kusan kilomita 17, alhali na yawancin jihohi mil 3 ne. Bayan nan dokar tarayya ce ke aiki, kuma ƙa'idar kama wasu kifaye, irin jan kifin nan red snapper, takan bambanta. Ni wannan layi ko a mafarki ban taɓa isa gare shi da filafili ba.

Ni ma ina da tawa tambayar. Ka tambayar mini Baba, kafin injuna su yawaita, in sun tashi daga Yawuri suka gangara tafkin Kainji, har ina suke kaiwa a yini ɗaya da filafili? Kuma da wace alama suke gane iskar da ba a fita a cikinta? Ka ɗauko mini muryarsa in ya samu sauƙi, ina so in fassara wa dattijon nan, don ya ce shi ma yana son ji.

In ɗan'uwanka zai taso a watan gobe kamar yadda ka ce, a taimaka mini da yajin ƙuli da daddawa, amma kada a sa kilishi, ƙwace shi za su yi a filin jirgi. Ka gaida uwargida da yara, da duk mutanen majalisa. Ka ce wa Inna ina sa rigar kariya, ta kwantar da hankalinta.

Naka har kullum,
Bakatsinen da ka raina