A Sauƙaƙa wa Mai Zaɓe Idan Ya Yi Ƙaura

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan mai zaɓen da ya yi ƙaura, amma sunansa yana nan a rumfar da ya baro. Ranar zaɓe ko dai ya yi doguwar tafiya, ko ya haƙura da ƙuri'arsa, kuma galibi haƙurar ake yi. Abin yana damuna ƙwarai, domin ɗalibai da 'yan haya ne suka fi shan wannan wahala.

A yawancin jihohin Amurka, bisa dokar rajistar masu zaɓe ta 1993, sauya adireshi a lasisin tuƙi ya isa sanarwa ga masu kula da rajista, sai dai idan mutum ya ce bai amince ba. A Jamus kuwa, wanda ya tare a sabon gida yana sanar da hukuma cikin mako 2, kuma daga kundin adireshin mazauna da hukumar ke ajiyewa ake fitar da sunayen masu zaɓe.

Ina kira ga hukumomin zaɓe su bar ƙofar sauya rumfa a buɗe tun kafin zaɓe ya matso, kuma kada a goge sunan kowa sai an tuntuɓe shi.

Naka,
Wani mai karatu