Bayanin Kwamitin Gyara Kan Kuɗin Na'urar Rediyonmu

Assalamu alaikum iyayenmu malamai, sarakunan Zango, alhazai da iyaye mata.

Tun da rediyo ta dawo aiki, maganar da ke iske mu daga Aboabo har Asawase ɗaya ce: an tara kuɗi, an leƙa ɗakin tiransimita, wato na'urar da ke watsa shirye-shirye, ba a ga sabon abu ba, to ina kuɗin? Mai tambaya yana da haƙƙi, guminsa ne. Sai dai ɓarnar a bayan akwatin tiransimita take, inda ba kowa ke zagayawa ba.

Rufi da fenti da wayarin wuta tun farko muka gama da su, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya ci fiye da rabin asusu shi ne allon kwantirola, wato allon da ke sarrafa tiransimita. Tsawar daminar bara ba ta eriya ta shigo ba. Ta wayar intanet da aka ja daga situdiyo ta biyo, ta ƙone ramin RJ45 da wayar ke shiga, ta haɗa da na RS-232, ramin haɗa kwamfuta, da ke gefensa. Shi kuwa DB-25 mai fil 25, wanda ta nan ake kunnawa da kashewa daga nesa, ya daina amsawa. Ramukan XLR da BNC da sauti ke shiga sun tsira, shi ya sa wasu ke cewa ai tana magana, me kuma za a saya?

Tana magana, amma a makance. Wanda ke situdiyo ba ya ganin ƙarfin da ke fita, ba ya ganin wanda eriya ke maidowa, balle zafin na'ura. Kuma wannan allon ne ke rage ƙarfi da kansa idan eriya ta sami matsala. Ga shi lasisin NCA, hukumar sadarwa ta ƙasa, ya ƙayyade mana mita da ƙarfi, ba a yi musu kintace. In wuta ta ɗauke da asuba, sai yaro ya hau babur ya je ya danna maɓalli kafin a fara tafsiri.

An ce me ya hana mu sayi na hannu. Mun je mun gani. Da injiniya ya juya shi, sai ga ramin intalok an ɗaure filolinsa biyu da guntuwar waya. Wannan ramin shi ke hana na'ura fitar da ƙarfi idan an kwance kebul ɗin eriya, wato ran mai gyara ke nan. Araha dai ba ta ado. Muka yi odar sabo daga kamfanin da ya ƙera na'urar, aka biya da dala, aka biya kwastan a filin jirgin Accra. Rasit duk suna hannun ma'aji, mai son gani ya zo bayan Juma'a.

Alhajin da ya cike kuɗin kwastan ya hana a faɗi sunansa, Allah ya san shi, Allah ya ƙara buɗi. Iyayenmu mata na kasuwar Kejetia da suka juyo kuɗin adashinsu, direbobi, da 'ya'yanmu na Jamus da Amurka, Allah ya saka da Aljanna.

Amma jama'a, hanyar da tsawa ta bi tana nan a buɗe. Har yau wayar tagulla ce tsakanin situdiyo da tiransimita. Muna so a maye ta da faiba, wato wayar gilashi, wadda ba ta ɗaukar wuta, a sa abin kare tsawa a kowane rami, a sake binne sandunan at na hasumiya, masu kai wutar tsawa cikin ƙasa. Ruwan Kumasi kuwa daga Maris yake kankama. Mai sidi goma ya kawo, mai ɗari ya kawo, ma'aji na zaune a ofis kullum bayan La'asar.