Wasiƙa ga ƙanena kan injin lemon da ke zubar da kumfa

Ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da yara duka. Yaya ƙarfin jikin Baba? Ni lafiya lau, sanyi ne ya shigo, shi ma da sauƙi.

Labari ya iso ni wai kana neman mai sayen injin lemon da na aiko, don kumfa kawai yake zubarwa. Ban ji daɗi ba da sai a bakin wasu na ji. Kada ka sayar. Injin nan lafiyarsa ƙalau, saiti ne ya kuɓuce maka.

Fara duba sanyi. Gas ɗin CO2 ba ya zama a cikin lemo sai da sanyi, da ya ɗan ɗumama sai ya fice ya koma kumfa. Tsiyayi kofi biyu, ka sa ma'aunin zafi a na biyun, ya nuna digiri 3 zuwa 4. Duron nan da lemon ke ciki lita 19 yake ci, ba ya yin sanyi har ciki sai ya yini ya kwana a firij. In kofin farko ne kaɗai ke kumfa, tiyon da ke waje ne ya ɗauki zafi, mayar da shi ciki.

Na san abin da ka yi da ka ga kumfa: ka rage regileta, wato na'urar da ke saita ƙarfin gas. Nan ka ƙara ɓata lamarin. Lemo yana son ƙarfin gas kamar psi 30 a ƙaramin agogon regileta. In ka yi ƙasa da haka, gas zai rabu da ruwan tun a cikin tiyo, za ka ma gan shi yana taruwa. In lemon na fitowa da gudu a wannan ƙarfin, maganinsa shi ne dogon tiyo siriri, mai faɗin inci 3/16, kamar mita 8 zuwa 9, a naɗe shi a cikin firij. Gajeren tiyo ba ya rage wa lemo ƙarfi. Famfon kuma ka buɗe shi gaba ɗaya, buɗewa rabi-rabi kumfa take jawowa.

In kuwa lemon ya ƙi zubowa sam, kada babban agogon regileta, mai nuna ƙarfin gas na cikin tukunya, ya ruɗe ka. Yana tsayawa wajen psi 800 har sai gas ya kusa ƙarewa, sannan ya faɗi lokaci guda. Ɗora tukunyar gas a sikeli, ka cire nauyinta da aka buga a wuyanta, abin da ya rage shi ne nauyin gas ɗin da ke ciki. Duba kawunan haɗi: mai ruwan toka na gas ne, wajen IN, baƙin na lemo ne, wajen OUT. Kada ka danna wani a gurbin wani, maƙalewa zai yi. Tiyon da ya jingina da bangon firij yakan daskare, sukari kuma yakan toshe famfo, shi ya sa ake wanke su duk mako biyu.

Gas da ke ƙarewa da wuri, yoyo ne. Shafa ruwan sabulu a murfi da duk mahaɗa, inda kumfa ta tashi nan ne, yawanci zoben roba ne ya tsage. Tukunyar kullum a tsaye, a ɗaure, kuma ba a ɗakin da yara ke kwana ba. Gas ɗin nan ba shi da wari, yana kisa a rufaffen ɗaki.

Na turo kuɗi jiya. Ware na maganin Baba tukuna, sauran ka sayi tiyo da zobban roba, ka cika tukunya da gas na abin sha. Ban ce a ranta wa kowa ba. Na san na bar maka ɗawainiyar gida kai kaɗai, abin yana raina dare da rana, Allah ya saka maka. Amma kuɗin nan na tiyo ne da gas, kuma kada ka sayar da injin. Ka ɗauko mini hoton agogunan biyu da kofin farko in gani.

Ka gaishe da Inna, ka ce mata ina cin abinci sosai.

Yayanka.