Sanarwa ga ƴan ajin Japananci na shekarar farko

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar za mu haɗu bayan La'asar don bitar hiragana, wato haruffan da ake fara koya a rubutun Japananci, kafin gwajin Malam. Kowa ya zo da littafi mai gida-gida, irin na lissafi, domin kowane harafi sai a cikin akwatinsa, kuma zanensa yana da tsarin wanda ake fara ja.

Haruffan 46 ne. Don Allah a daina rubuta boko a ƙarƙashinsu, abin da ya hana da yawanmu ci gaba ke nan, ni ma ban tsira ba.

Za mu daɗe a kan jan wasali da ɗaurin baƙi. Wanda ya ce obaasan a madadin obasan, ya mayar da gwaggo kaka. Haka kite da kitte: na farko "zo", na biyu kan sarki na wasiƙa. Mu dai abin bai kamata ya ba mu wuya ba, tunda muna bambanta baba da babba, da garin mutane da garin tuwo.

Katakana, wato wani nau'in haruffan Japanancin na daban, sai mako mai zuwa. Masu rikita haruffansa シ (shi) da ツ (tsu) su yi haƙuri zuwa lokacin.