A tambayi bututun bindiga kafin a sayi harsashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da sababbin shiga wasan harbin saiti na nesa. Na lura da yawansu lamba ɗaya suke dubawa a jikin kwalin harsashi, wadda ake kira BC, mai nuna yadda kan harsashi ke keta iska. Da sun ga ta yi sama, shi ke nan, an gama ciniki. Ni kuwa bindigar nake fara tambaya.

A cikin bututun bindigar saiti akwai zane a murɗe, shi ke juya harsashi kamar katantanwa don ya tafi da tsininsa a gaba. Da inci ake auna murɗin: 1:12 na nufin juyi ɗaya cikin inci 12. Bindigar .223 (lambar tana nuna kaurin harsashinta) mai murɗin 1:12 tana riƙe harsashi mai nauyin giren 55 lafiya lau. Ka ɗura mata na giren 77, sai ka ga ya isa allo a karkace, ya bar rami mai tsawo maimakon zagayayye, domin shi 1:8 ko 1:7 yake so. Tsawon harsashi ma ya fi nauyinsa tasiri a nan. Na jan ƙarfe zalla ya fi mai dalma a ciki tsawo ko da nauyinsu ɗaya, saboda haka yana bukatar murɗi mai sauri. Tun 1879 masanin lissafi Greenhill ya fitar da lissafin murɗin da tsawon harsashi ke bukata a Ingila, amma har gobe ana tsallake shi.

Ita kanta BC ɗin iri biyu ake yawan bugawa, G1 da G7, gwargwadon siffar harsashin da aka kwatanta da ita wajen awo. Ta G1 takan kusa ninka ta G7 a harsashi guda, shi ya sa take ƙawata kwali. Dogon harsashi mai siririn gindi kuwa G7 ce ta fi faɗin gaskiyarsa. Kada a gwama ta wannan kamfani da ta wancan sai an tabbata iri ɗaya ce. A mita 100 ma bambancinta bai taka kara ya karya ba.

Nisa shi ke fallasa harsashi. Harsashin Sierra MatchKing mai giren 168 na bindigar .308 ya yi suna a mita 300, amma idan ya doshi yadi 1,000, gudunsa ya sauko kusa da gudun sauti, wajen mita 343 a daƙiƙa, sai ya fara tangal-tangal. Mai giren 175 ya fi shi jure wannan wuri. Ita 6.5 Creedmoor, ƙirar harsashi da kamfanin Hornady ya fitar a 2007, tun farko da murɗin 1:8 aka tsara ta don dogayen harsasai irin na giren 140.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gwaji da harbi uku. Mutum ya harba uku, su haɗu wuri ɗaya, ya ɗauki hoto yana cewa ya samu nasa. Uku sa'a ce kawai. A harba goma daga kan madogari, iska a kwance, a sake a wata rana, sannan a yi magana. Bindigogi biyu ƙirar kamfani ɗaya sukan saɓa a kan harsashin da suke so. Maharban Olamfik na mita 50 masu .22 har wuraren gwajin kamfanonin harsashi Eley da Lapua suke kai bindigoginsu, a gwada rukuni-rukuni na harsashi iri ɗaya, su zaɓi wanda bututun ya karɓa.



Duk wanda ya dace da rukunin da bindigarsa ta amince da shi, ya rubuta lambar rukunin da ke jikin kwali, ya sayi iya abin da lasisinsa ya ba shi dama, domin rukuni na gaba sai an sake gwaji.

Naka,
Wani tsohon ɗan wasan harbin saiti